Gwajina yana wucewa da rana, yana faɗuwa da tsakar dare: ina matsalar take?

Ɗan_Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu daɗewa cikin harkar nan. Ina rubuta ma wani farmasi na nan Damagaram manhajar lissafin kaya da Python, kuma na sa mata ƙananan gwaje-gwaje da pytest, irin waɗanda ke duba kowane ɓangare shi kaɗai. Akwai guda ɗaya da ya hana ni sakat. Aikinsa ya tabbatar cewa maganin da ranarsa ta ƙare jiya ya fito cikin jerin lalatattu. A kwamfutata kullum tsanwa yake, wato yana wucewa. In na tura kod ɗin GitHub, inda injinansu ke kunna gwajin da kansu, wani lokaci ya wuce, wani lokaci ya yi ja, wato ya faɗi, alhali ban taɓa komai ba. Da safe in sake kunna shi, lafiya lau. Goge shi zan yi ne, ko akwai abin da ban gani ba?

Mirya227: Wa alaikumus salam. Sa mishi pytest-rerunfailures, in ya faɗi ya sake gwadawa sau biyu. Ni haka nake yi ina samun barci.

Gwaggo_Java: A'a ɗana, kada ka bi wannan shawara, kuma kada ka goge. Ɗan_Zango, faɗa mini abu ɗaya: ƙarfe nawa kake tura aikin a ranakun da yake faɗuwa?

Ɗan_Zango: Gwaggo, galibi da dare nake aiki, don lokacin ne rezo ke da dama-dama kuma zafi ya sauka. Na koma na duba, waɗanda suka yi ja duk bayan sha biyun dare ne.

Gwaggo_Java: To ga ta nan. Agogon Nijar yana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, injinan GitHub kuwa kan UTC suke. Daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, kai ka shiga sabuwar rana, su suna cikin jiya. A ce yau 11 ga wata, sha biyu da rabi na dare. Gwajinka ya lissafa jiya da agogon Yamai, ya samu 10. Kod ɗinka kuma ya tambayi injin yau nawa, injin ya ce mishi 10. To maganin da ranarsa 10 ce bai lalace ba a idon kod ɗin. Je ka duba, zan yi mamaki in ba date.today() ka kira a ciki ba.

Sai ka lura da abu mafi muhimmanci: gwajin bai yi ƙarya ba. In sabar da za ka ɗora manhajar a kanta ita ma UTC take bi, to cikin wannan awa ɗin farmasin da ke gadin dare zai iya sayar da maganin da ya kamata a ce an cire shi daga kanta. Da ka bi maganar sake gwadawa, ko dai ya yi ta faɗuwa har ƙarfe ɗaya, ko ka gaji ka kashe shi, matsalar kuma tana nan kwance.

Mirya227: Gwaggo, a yi mini afuwa, ban san zancen zai kai ga rayukan mutane ba. Amma fa akwai gwajin da faɗuwarsa ba ta da wani dalili.

Gwaggo_Java: Dalili yana nan, ba ka same shi ba ne kawai.

Malam_Sabar: Ina goyon bayan Gwaggo, sai dai in ƙara yadda ake gyarawa, don gano ciwo daban, magani daban. Kada fonksiyon ɗin ya riƙa tambayar agogo da kansa. Miƙa mishi ranar a hannu, kamar haka: ya_lalace(magani, yau). A wuri ɗaya tak cikin manhajar za ka karanta agogo, da yankin Africa/Niamey a rubuce ƙarara, sauran duk su karɓa daga nan. Cikin gwaji kuma ka rubuta ranar da kanka, kada ka lissafa ta daga yau. Da haka kana iya gwada 31 ga Disamba, 1 ga Janairu, da 29 ga Fabrairun 2028 ba tare da ka jira su zo ba. In tsohon kod ne da ba ka son taɓawa yanzu, kayan aikin freezegun yana daskarar da agogo cikin gwaji, amma ni na fi son hanyar farko, don ita ke gyara ginin kansa.

Wani abu kuma, kwalayen magani da yawa wata da shekara kawai ake bugawa a jikinsu. Me manhajarka ke ɗauka in an rubuta 02/2028, farkon wata ko ƙarshensa? Tambayi mai farmasin, abin da ya ce ka mayar da shi gwaji.

Hadiza_Laravel: Ni abin da ya taɓa cin mu ya fi wannan ban haushi. Sabarmu a Faransa take. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu da namu ɗaya ne, komai daidai. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris su tura agogo gaba da awa ɗaya, mu kuma ba mu taɓa namu. Sai rahoton cinikin rana ya fara jefa abin da aka sayar bayan sha ɗayan dare cikin gobe. Wanda ya rubuta kod ɗin cikin sanyi ya rubuta shi, bai ga komai ba. Yanzu duk abin da ya shafi lokaci muna ajiye shi da UTC, sai wurin nunawa mu juya shi, kuma akwai gwaji na wata ranar Janairu da wata ta Yuli.

Bakano_a_Birni: Ku dai kuna da lokaci. Alhajin da ya ba ka aiki yana son ganin manhaja a wayarsa ranar Alhamis, ka ce mishi kana rubuta gwaji? Zai ce gwajin me, ba ka iya aikin ba ne? Ni ban taɓa ganin wanda ya ƙara ko dala a kan kuɗin aiki don an rubuta gwaji ba.

Hadiza_Laravel: Yaya, ai ba a sa shi cikin faktir da sunansa. Cikin kuɗin aikin yake. Kuma wa Alhaji zai kira ranar da lissafi ya ƙi daidaita, ana tsakiyar ciniki? Kai ne, kuma kyauta za ka je.

Bakano_a_Birni: Wannan gaskiya ne, kyauta nake zuwa, har da man babur daga aljihuna. Amma ban sauka daga maganata ba. Shafin da zai nuna hotunan kaya da lambar waya ba ya bukatar gwaji.

Malam_Sabar: A nan ba mu saɓa ba. Inda kuɗi, kwanan wata ko izinin shiga suke, nan ake zuba ƙarfi. Launin maɓalli ido ya isa.

ɗalibar_jami'a: Malamai, ku yi haƙuri in shigo da tawa. A wurin da nake sitaj an ce dole gwaji ya taka kashi 80 cikin 100 na layukan kod kafin a karɓi aiki. Na kai 92 har an yaba mini. Wannan yana nufin kod ɗina ba shi da matsala ke nan?

Tsohon_Injiniya: Ƴata, yi wannan yanzu ki dawo ki ba mu labari. Buɗe wani fonksiyon da ke da sharaɗi, inda aka rubuta < ki mayar da shi <=, ko ki juya + ya koma -. Kunna gwaje-gwajen. In duk suka yi tsanwa, to wannan 92 ɗin ta gaya miki cewa an bi ta kan layukan ne kawai, ba ta ce an duba abin da suka fitar ba. Ana iya kai 100 ba tare da assert ko ɗaya ba, wato layin da ke duba sakamako, ki kira kowane fonksiyon ki wuce. Adadin yana da amfani ta fuska ɗaya: yana nuna miki inda gwaji bai taɓa leƙawa ba. Akwai kayan aikin da ke yin wannan ɓarnar da gangan su ƙirga miki nawa aka kama: mutmut a Python, PIT a Java, Stryker a JavaScript, Infection a PHP. Suna da nauyi, a kan ɓangaren lissafi kawai nake kunna su.

ɗalibar_jami'a: Baba, na yi. Na canza wurare uku, ɗaya kawai aka kama.

Tsohon_Injiniya: Madalla, yanzu kin san inda za ki zauna. Kuma daga yau duk gwajin da kika rubuta, ki tabbata kin ga ya yi ja ko sau ɗaya kafin ki yarda da tsanwarsa. Wannan ita ce hikimar masu cewa a fara rubuta gwaji kafin kod, hanyar da Kent Beck ya yaɗa, shi da suka rubuta JUnit da Erich Gamma a 1997. Ni ba kullum nake bin ta ba, in ina laluben yadda abu zai kasance kod nake farawa. Amma in aka kawo mini ƙorafi, ba na taɓa gyara sai na rubuta gwajin da ke faɗuwa saboda wannan ƙorafin. In ya koma tsanwa na san abin da na gyara shi ne abin da aka kawo, kuma ba zai sake dawowa a ɓoye ba.

Kanta_Flutter: Tunda an zo maganar kuɗi, ga tawa. Kada kowa ya ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo. Rubuta 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript, za ka ga 0.30000000000000004. Mu Allah ya hutar da mu, sefa ba ta da santim a ciniki, cikakkiyar lamba ta ishe mu. Inda ake zamewa shi ne harajin TVA. Kashi 19 na sefa 150 shi ne 28.5. Python in ka ce round(28.5) zai ba ka 28, don shi yana karkata wajen lambar da ke rabuwa biyu. Math.round na JavaScript zai ba ka 29. Ka ga sabar ta ce kaza, allo ya ce kaza, sefa ɗaya tsakani. Ba wanda zai lura ranar farko. Ƙarshen wata mai kanti ya ga lissafi bai haɗu ba, sai ya fara kallon yaron kanti da wani ido. Gwajinka na kuɗi dole ya ƙunshi lambar da ke faɗawa daidai kan rabi, da sifili, da kayan da aka mayar.

Mai_Kanti_Dole: Ni ba mai rubuta kod ba ne, ɗana ne ya sa ni cikin wannan zaure don in riƙa gani. Amma ku tuna da mu. A kasuwa ba wanda ke cewa sefa 100, dala ashirin muke cewa. Wata manhaja da aka taɓa kawo mini, yarona ya ji an ce dala ɗari ya buga 100, alhali 500 ne. Kwana biyu na ajiye ta na koma littafi.

Kanta_Flutter: Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ita ce irin matsalar da ta halaka kumbon Mars Climate Orbiter na Amurka a 1999. Wani ɓangaren manhajar yana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗayan yana karanta lambar a matsayin niyuton. Kumbon ya sauko ƙasa da inda aka tsara a sararin Mars, aka rasa shi.

Gwaggo_Java: Misalin ya yi, Kanta, amma ka lura yana nuna iyakar abin da muke magana a kai ne. Kowane ɓangare in ka gwada shi shi kaɗai zai iya wucewa, don kowa daidai yake a ma'auninsa. A mahaɗa aka samu saɓani, kuma sai gwajin da ke haɗa su biyun zai kama. Matsalar Alhaji kuwa ba gwajin kwamfuta zai gano ta ba tun farko, sai wanda ya je ya zauna a kanti ya ji yadda ake kiran kuɗi. Bayan nan ne za a sa zaɓin dala ko sefa a allo, a rubuta gwajin cewa dala 100 ta zama 500.

Ɗan_Zango: Na gyara na farkon yadda Malam_Sabar ya ce, na gode ƙwarai. Mai farmasin ya ce ƙarshen wata suke ɗauka, na sa shi. Sai dai da na saka pytest-randomly, mai cakuɗa jerin da gwaje-gwaje ke bi, don in ga ko akwai saura, wasu huɗu suka faɗi. In na kunna kowane shi kaɗai yana wucewa.

Hadiza_Laravel: Suna cin abinci a kwano ɗaya ne. Wani gwaji yana zuba magani cikin rumbun bayanai ya tafi bai share ba, na bayansa ya zo ya ƙirga ya ga ƙari. Ko kuma akasin haka, wani ya dogara da abin da na gabansa ya bari. Kowane gwaji ya shirya kayansa da kansa, ya yi abu ɗaya, ya duba sakamako, a share bayansa. Mu a Laravel RefreshDatabase ke yi mana wannan. A pytest ka yi fixture, wato shirin da ake yi kafin kowane gwaji, da ke buɗe transaction ya mayar da komai baya in an gama. Ka duba kuma ko akwai wani jeri ko ƙamus da ka ajiye a saman fayil wanda kowa ke taɓawa. Idan gwaji ya faɗi, pytest-randomly yana buga lambar da ya yi amfani da ita wajen cakuɗa su, riƙe ta don ka maimaita tsarin daidai.

Mirya227: Shi ya sa ni nake amfani da rumbun SQLite cikin ƙwaƙwalwa wajen gwaji. Sauri kamar me, ba ruwana da share-share.

Malam_Sabar: Da sauri kam, amma in aikinka na gaske kan rumbun PostgreSQL yake, ka san ba halinsu ɗaya ba. SQLite zai karɓi rubutu a gurbin da ka ce na lamba ne, kuma bai damu da tsawon da ka sa ma VARCHAR ba. Ga wanda ya shafe mu kai tsaye: LIKE da lower() nasa, da ake neman suna da su, haruffan ASCII kawai suka sani, wato na Ingilishi. Babban Ƙ da ƙaramin ƙ a wurinsa baƙin juna ne. Ka nemi ƙaura ba zai kawo maka Ƙaura ba. Don haka lissafi zalla a gwada shi ba tare da rumbu ba sam, abin da ya shafi tambayar rumbu kuma a gwada shi kan irin wanda za a yi aiki da shi.

Hadiza_Laravel: Wallahi zancen haruffan nan a ƙara ja mishi layi. Duk misalan da muke kwafa daga intanet sunayen Turawa ne a ciki. Ku sa Ɗanladi, ku sa Danladi, ku sa 'Yar Baba da alamar nan a gaba, don da yawa haka suke bugawa a waya. Wannan alamar kaɗai ta isa ta tona asirin wanda ke haɗa SQL, yaren tambayar rumbu, da hannu. Ku sa suna mai é irin na takardun haihuwa. Lambar waya ma haka: tamu lamba 8 ce bayan +227, amma rabin ƴan kasuwar nan suna da abokan ciniki a Kano da Daura, lambarsu 10 ce bayan +234. Na ga fom ɗin da ya ƙi karɓar lambar dilan da ke kawo ma mai kantin kaya.

Bakano_a_Birni: Wannan ta taɓa ni, ni da layi biyu gare ni.

ɗalibar_jami'a: To abin da ke aika SMS ko ya karɓi kuɗi ta waya fa? In na kunna gwaji sai ya aika saƙon gaske?

Kanta_Flutter: Kul. Kuɗinki za su ƙare, kuma duk ranar da rezo ya yi rauni gwaji zai faɗi ba laifin kod ba. Ki yi na bogi da ke tsayawa a madadin mai aikawa, yana rubuta abin da aka ba shi kawai. Daɗinsa ma kina iya sa shi ya yi rashin mutunci da gangan: ya ƙi amsawa, ya amsa a makare, ko ya ce an biya sau biyu. A garin nan da kuran ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, wannan shi ne gwajin da ya fi kowane amfani. Me ke faruwa in kuɗi sun fita amma amsar ba ta dawo ba, mutum ya sake dannawa?

Tsohon_Injiniya: Da sharaɗi, Kanta. Na bogi a bakin iyaka kawai, wato rezo, agogo, da sabis ɗin wasu. Na taɓa gadon wani aiki da aka mayar da kowane abu na bogi, har fonksiyon ɗin da ke maƙwabtaka. Gwaje-gwajen ba sakamako suke dubawa ba, suna duba wa ya kira wa ne, sau nawa. Ka canza sunan abu ɗaya, ashirin su yi ja alhali manhajar lafiyarta ƙalau. Ranar da aka samu kuskuren gaske kuma duk suna tsanwa. Na bogi abin da ka zata yake faɗa maka, in kamfanin ya canza tsarin amsarsa bai sani ba. Sai ka ajiye ƴan gwaje-gwaje kaɗan da ke magana da dandalin gwajinsu na gaske, a ware su daban, ba kowane turi ake kunna su ba.

Kanta_Flutter: Baba, wannan in suna da dandalin gwajin ke nan. Wasu takarda kawai za su ba ka, ita ma ta tsufa.

Gwaggo_Java: Bari in koma kan maganar Mirya227 ta farko, don ban so ta wuce haka ba. Abin da ya sa na tsani sake gwadawa ba taurin kai ba ne. Karen da ke haushi kowane dare, ranar da ɓarawo ya shigo ba mai leƙowa. In mutane suka saba ganin ja suna cewa ai wancan ne mai halin nan, an gama, sauran gwaje-gwajen ma sun rasa daraja. Ba mu kaɗai ba ne, Google da kansu sun rubuta a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu suna da irin wannan rashin tabbas. In ba ka da lokacin gyara yau, ware shi gefe, rubuta dalili da sunan wanda zai duba. Kuma duk inda ka ga sleep, umarnin a ɗan dakata, cikin gwaji, ka zarge shi: daƙiƙa biyu sun isa a kwamfutarka, ba su isa a injin da ke da lodi ba.

Mirya227: Na ji, Gwaggo. Amma gwajin allo da ke buɗe burawza fa? Nan kam ba zan cire sake gwadawa ba, kowa ya ce abin da zai ce.

Gwaggo_Java: Wannan ba ƙaramin gwajin ɓangare ba ne, wani zance ne daban. Ko a nan ɗin ma ka riƙa ƙirga sau nawa yake sakewa.

Ɗan_Zango: Uku cikin huɗun sun daidaita, rumbun ne kamar yadda Hadiza ta ce. Na huɗun yana kwatanta jerin magunguna ne, wani lokaci Paracetamol ya zo farko, wani lokaci Amoxicilline. Ban sa ORDER BY ba, umarnin da ke gaya ma rumbu yadda zai jera su. To a nan kod zan gyara ko gwajin?

Malam_Sabar: Ya danganta da mai farmasin. In yana son wanda ya fi kusa da lalacewa ya fito a sama, kod za ka gyara, gwajin ya tabbatar da jerin. In bai damu ba, gwajin ne ya cika tsanani, kwatanta su ba tare da kula da wa ya riga wa ba.

Hadiza_Laravel: Ni dai ko bai ce ba zan sa ORDER BY. Ranar da jerin ya yi tsawo aka raba shi shafi-shafi, ba tare da shi ba magani ɗaya zai iya fitowa a shafi biyu, wani kuma ya ɓace.

Malam_Sabar: In sun zo da rana ɗaya fa? Sai kin ƙara lambar kaya a baya, in ba haka ba kina nan inda kike.

Bakano_a_Birni: Wai ni a cikinku akwai wanda ya taɓa gwada manhajar da ke aiki ba rezo, sai ta samu ta tura? Ina da wani aiki a Magarya, wayoyi biyu suna sayar da kaya ɗaya, kowace da nata lissafin, da yamma su haɗu su yi ta faɗa.

Kanta_Flutter: Yaya, ba kai ne ka ce ba ka da lokacin gwaji ba? Buɗe sabon zance ka turo yadda kake haɗa su, zan duba bayan isha'i in kuran bai tafi ba.